Adakar Jonny: Ƙaramin Kamfanin da Ke Tono Kiɗan Tsofaffin Finafinai

A watan Oktoba na 2013 gidan BBC ya fitar da wata sanarwa da ta tayar da masu kallon talabijin a Birtaniya tsaye, kuma sunan garin da ke cikin sanarwar shi ne Jos. Wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin da ke can. A cikinsu akwai kashi 11 na shirin Doctor Who na shekarun 1967 da 1968, tara daga ciki kuwa ita kanta BBC ba ta da su. Da wannan tsintuwar yawan kason shirin da suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97. Mu da kullum muke zargin kanmu da rashin iya ajiya, sai ga shi abin da Landan ta zubar Filato ta riƙe shi kusan shekara 40.

Ba ganganci ne kaɗai ya sa BBC ta rasa kayanta ba. A wancan zamanin tef ɗin bidiyo mai faɗin inci biyu tsada gare shi, saboda haka idan an watsa shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga talabijin mai launi ta shigo, kowa na ganin baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi. Sai a 1978 aka tsayar da gogewar. Kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje, wanda ake miƙawa daga wannan tasha zuwa waccan, shi ne ya tsira a inda aka manta ba a mayar ba.

To idan hoto ya sha wannan wulaƙanci, ina ga kiɗan da ke bayan hoton? Shi ko gwangwani mai suna ba ya samu. Makaɗa su shiga situdiyo na yini ɗaya, a ɗauka, a haɗa da fim, a jefa tef ɗin a kan kanta, shi ke nan. Manyan finafinai na samun faifansu a kasuwa, amma ƙaramin fim da shirin yara da shirin namun daji babu mai tunanin wani zai nemi kiɗansu shi kaɗai. Labarin da muka kawo na wani mutum ne da ya nema, da ɗan kamfanin da ya kafa saboda haka.

Sunansa na yanka Jonathan Benton-Hughes, amma duniya ta san shi da Jonny Trunk. Ma'aikacin kamfanin talla ne a Landan, mai yawon shagunan tsofaffin kaya yana tsintar faifan garmaho. A 1995 ya kafa Trunk Records. Kalmar a Turanci tana nufin adaka, tana kuma nufin hannun giwa. Mu dai ma'anar farko ta fi kwanta mana, domin aikin kamfanin bai wuce buɗe adakar da aka daɗe ba a taɓa ba. Faifansa na farko, The Super Sounds of Bosworth, ya fito a 1996. Bosworth tsohon kamfanin buga takardun kiɗa ne da aka kafa a Leipzig ta Jamus a 1889, yana da ofis a titin Heddon a tsakiyar Landan, yana kuma da tarin wani irin kiɗa da ba a taɓa yin sa don a sayar wa jama'a ba.

Wannan kiɗan ne za mu kira kiɗan haya, kuma sai an fahimce shi za a gane Trunk. Mai shirya fim ko talla ko labarai ba kullum yake da kuɗin ɗaukar mai tsara kiɗa da ƙungiyar makaɗa ba. Sai wasu kamfanoni suka ga kasuwa: su tara makaɗa su yi kiɗa iri-iri tun kafin kowa ya nema, wannan na tsere da mota, wannan na fargaba, wannan na masana'anta tana aiki, wannan na fitowar rana. A buga a faifai kaɗan, a rubuta bayanin kowane kiɗa da tsawonsa a bayan kwali, a raba wa gidajen talabijin da na fim. Wanda ya ɗauka ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. De Wolfe, wanda Meyer de Wolfe ya kafa a 1909 tun zamanin fim marar magana, shi ne dattijon sana'ar. KPM kuwa ya yi suna da faifansa masu koren kwali, inda irin su Keith Mansfield da Alan Hawkshaw suka yi kiɗan da miliyoyin mutane suka haddace ba tare da sun taɓa jin sunan mai shi ba. Akwai lokacin da ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta hana 'ya'yanta wannan aiki, don tana ganin zai kashe musu kasuwa, sai kamfanonin suka riƙa tsallakawa Jamus da maƙwabtanta suna ɗauka a can.

Mu masu rubuta manhaja wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Babu wanda ke zama ya rubuta komai daga tushe. Akwai guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye, mu ma laburare muke kiransu, sai dai ka jawo ka jona. Manhajar bankin da ke wayarka, mai karatu, tana tsaye ne a kan aikin ɗaruruwan mutanen da ko mu da muka jona ba mu san sunan mafi yawansu ba, kuma ba ma tunawa da su sai ranar da abu ya lalace. Makaɗan haya haka suka rayu. Da zamani ya koma kan faifan CD a ƙarshen shekarun 1980, gidajen talabijin suka yi ta fitar da tsofaffin faifan suna zubarwa, masu tsince-tsince da masu haɗa kiɗan hip-hop suka yi ta kwasa. Faifan Bosworth na cikin na farko-farko da suka kai irin wannan kiɗa shago da izinin masu shi, da sunayen waɗanda suka yi shi a rubuce.

Abin da ya fito da sunan Trunk sosai shi ne The Wicker Man. Fim ne na 1973, Robin Hardy ya ba da umarni, Anthony Shaffer ya rubuta, Edward Woodward da Christopher Lee suka fito. Labarin wani ɗan sanda ne mai riƙo da addinin Kirista da ya je wani tsibiri a Sikotlan neman yarinyar da aka ce ta ɓata, ya tarar mutanen tsibirin sun koma bautar gargajiya, kowa kuma na yi masa rufa-rufa. Fim ne na ban tsoro, amma rabinsa waƙa ce: a mashaya, a gona, a makaranta, har wurin da labarin ya ƙare. Ba'amurke Paul Giovanni ne ya tsara waƙoƙin, ya gauraya tsofaffin waƙoƙin karkarar Birtaniya da nasa, wata ƙungiya da aka haɗa don fim ɗin kawai, mai suna Magnet, ta kaɗa. Kamfanin da ya yi fim ɗin ya sauya shugabanni kafin a sake shi, sababbin ba su so shi ba, aka datse shi aka liƙa shi a matsayin ɗan rakiyar wani fim, Don't Look Now. Faifan waƙoƙin bai fito ba. Giovanni ya rasu a 1990 bai ga fitowarsa ba.

Shekara 25 masoya fim ɗin suna naɗar waƙoƙin daga talabijin zuwa kaset. A 1998 Trunk ya fitar da su a karon farko, bayan doguwar wahalar gano wanda ke da haƙƙin mallaka. Ba ainihin tef ɗin situdiyo ya samu ba. Abin da ya samu shi ne tef ɗin da ake ware wa masu fassara: kowane fim ana ajiye kwafin da ke ɗauke da kiɗa da sauran sautuka ban da maganar 'yan wasa, domin idan za a juya shi zuwa wani harshe a ɗora sababbin muryoyi a kai. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa ya ji kiɗa na ɗaukewa da zarar an fara magana, ya san abin da ke faruwa idan babu irin wannan tef. Na Wicker Man yana ajiye a situdiyon Pinewood, sautinsa mai hanya ɗaya ne, kuma na datsattsen fim ɗin ne. Saboda haka a faifan Trunk za ka ji waƙa tare da ƙarar da ke cikin fage, wata waƙar ma babu ita sam.

A 2002 wani kamfani, Silva Screen, ya fitar da tsaftataccen sitiriyo daga tef ɗin da ke hannun Gary Carpenter, wanda ya taimaka wa Giovanni wajen aikin. Babu gardama wannan ya fi daɗin ji. Amma a ganinmu Trunk bai yi kuskure ba da ya fitar da abin da ya samu. A wurin aiki mun sha ganin manhajar da aka riƙe ana jiran ta cika goma har kamfanin ya mutu ba ta fito ba. Gurgun faifan 1998 shi ya nuna akwai masu saye, kuma da wuya a ce ba shi ya ƙara wa masu tef ɗin asali ƙarfin guiwar fito da nasu ba. Matasan mawaƙan gargajiyar Birtaniya na shekarun da suka biyo baya da yawa sun sha daga wannan rijiya.

A 2001 aka samu biyu da muka fi so. Na farko kiɗan Kes, fim ɗin Ken Loach na 1969 da aka ɗauko daga littafin Barry Hines, labarin wani yaro ɗan talakawa a garin masu haƙar kwal na Barnsley wanda gida da makaranta suka yi watsi da shi, ya sami abin so a wani ɗan shaho da yake horarwa. John Cameron ya tsara kiɗan, Harold McNair ɗan Jamaika ya busa sarewar da ke bin tsuntsun a sama. McNair ya rasu a 1971, shekara 30 kafin faifan ya fito. Duka kiɗan bai kai minti 20 ba. Babban kamfani zai ce wannan bai isa kaya ba, ko ya cusa wasu abubuwan don ya cika. Trunk ya fitar da shi a yadda yake.

Na biyu kiɗan Clangers ne, shirin yara da BBC ta fara nunawa a 1969. Oliver Postgate da Peter Firmin ne suka yi shi a wani tsohon garken shanu a gonar Firmin kusa da Canterbury. 'Yan tsanan, wasu halittu masu kama da ɓera da ke zaune a wata duniyar, matar Firmin ce, Joan, ta saƙa su da zare. Ba sa magana sai fito: Postgate yakan rubuta zancen da Turanci, sannan a busa shi da usur mai sandar ja, muryar na hawa da sauka yadda jimlar za ta yi. (Mai jin Hausa, wanda ya san kalangu na magana, ba zai sha wahalar gane dabarar ba.) Kiɗan kuwa na Vernon Elliott ne, gwanin wani dogon abin busa na katako da ake kira basun, wanda yana cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Philharmonia da su. Ƙwararren makaɗi ke nan ya zauna ya yi wa 'yan shekara huɗu aiki da zuciya ɗaya. Shi ma ya rasu a 1996.

Mai karatu zai lura ana ta maimaita “ya rasu kafin”. Wannan sana'a tsere ce da abu biyu, mutuwar mutane da mutuwar tef. Tef ba komai ba ne illa siririyar leda da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Wasu nau'o'in da aka yi daga shekarun 1970 danƙonsu na shan laima, sai ya yi kauri ya riƙa mannewa, idan aka kunna garin ya goge a kan na'ura, sautin ya tafi ke nan har abada. Maganin da injiniyoyi suka gano abin dariya ne a ji: gasa tef ɗin ake yi a tanda, a zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, na sa'o'i masu yawa, sannan a yi maza a kwafe kafin laimar ta dawo. Waɗanda suka girme su kuma, na asitet, ruɓewa suke yi suna warin ruwan tsami. Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa kwamfuta ta raba mu da wannan. A wani ofis da muka taɓa aiki, shekara biyu na'ura tana cewa ta yi kwafin ajiya kowane dare. Ranar da aka buƙace shi aka buɗe, fayil ɗin fanko ne. Tef ko ya lalace yakan bar wani abu. Namu ko ƙura bai bari ba.

Akwai dai wanda Trunk ya riska da rai, kuma a wurinmu shi ne babban abin da kamfanin ya yi. Basil Kirchin an haife shi a Blackpool a 1927, ya fara kaɗa ganga a ƙungiyar mahaifinsa, Ivor Kirchin, tun yana ɗan shekara 13, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ƙungiyar ta yi tashe a shekarun 1950, sai ya ajiye komai ya tafi Indiya neman abin da ya fi tafi da shewa. Daga can ya wuce Ostireliya, kuma a tashar jirgin ruwa ta Sydney, ana sauke kaya, kayansa suka faɗa teku tare da tef-tef ɗin da ya tara na ƙungiyar. Mutumin da ya san zafin wannan rashi shi ne ya dawo Ingila ya shiga yi wa De Wolfe kiɗan haya, yana kuma yi wa finafinai, ciki har da The Abominable Dr. Phibes na 1971.

Amma zuciyarsa tana wani wuri. Ya sami rikoda ƙirar Nagra, ya riƙa ɗaukar kukan tsuntsaye da na dabbobin gidan zu na Landan, da muryoyin yara masu lalurar galahanga a wata makaranta a Siwizalan inda matarsa Esther ke aiki. Sai ya rage gudun tef ɗin. Idan ka rage gudu da rabi, tsawon sautin zai ninka, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri. Ka sake ragewa, kukan ɗan tsuntsu ya koma kamar gurnanin zaki, kuma ka fara jin ƙananan lanƙwasa da kunne ba ya kamawa a gudun farko. A kan wannan ya sa makaɗa irin su Evan Parker su yi busa. Ya fitar da Worlds Within Worlds kashi biyu, a 1971 da 1974, ba su sayu ba. Ya koma Hull ya zauna cikin rashi, yana ta aiki ba mai ji. A 2003 Trunk ya fitar da Quantum, aikin da ya yi kusan shekara 30 a ajiye. 'Yan jarida suka fara neman dattijon da suka ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ya rasu a watan Yuni na 2005, shekarar da Trunk ya sake buga Abstractions of the Industrial North, kiɗan hayar da ya yi wa De Wolfe a 1966. A 2017, da Hull ta zama birnin al'adu na Birtaniya, an yi bikin kwanaki don tunawa da shi. Shekara biyu kacal ya samu yana ganin ana yaba masa, amma ya samu.

Sauran jerin yana da tsawo, ba za mu bi shi duka ba. A 2004 an tattaro kiɗan hayar De Wolfe da George Romero ya zuba a Dawn of the Dead na 1978. A 2006 an fitar da na The Tomorrow People, wanda a ciki akwai aikin da Delia Derbyshire ta yi da sunan aro. Ita ce ta haɗa taken Doctor Who a 1963 da reza da guntayen tef, sauti ɗaya bayan ɗaya, BBC kuma ba ta sa sunanta a allo ba sai a 2013, shekara 12 bayan rasuwarta. A 2009 aka fitar da kiɗan Edward Williams na Life on Earth, shirin David Attenborough na 1979, wanda a da kwafi kimanin 100 kawai aka buga aka raba wa makaɗan da suka yi aikin. Jonny ya kuma wallafa littafin The Music Library a 2005, na hotunan kwalayen faifan haya, ya kuma gabatar da shirin kiɗan fim a gidan rediyon Resonance FM na Landan.

Ba za mu ce sana'ar ba ta da tabo ba. A 2007 faifan garmaho da aka sayar a Birtaniya kaf bai fi 200,000 da 'yan kai ba. A 2021 ya haura miliyan 5. Da kasuwa ta buɗe, ƙananan kamfanoni irin wannan suka yawaita, aka kuma koyi buga kwafi kaɗan da gangan, ya ƙare cikin kwana biyu, gobe ka gan shi a intanet da ninkin kuɗi. Kiɗan da aka ceto daga ɗakin ajiya sai ya koma wani ɗakin ajiyar, na mai kuɗi, a cikin leda ba a ko buɗe ba. Ga kuma batun doka: a Birtaniya haƙƙin sautin da aka ɗauka shekara 50 ne, sai a 2013 aka mayar da shi 70, ban da abin da ya riga ya fita. Duk abin da aka buga kafin 1963 kowa na iya sake bugawa ba tare da ya biya wanda ya kaɗa ko sisi ba. Wannan ya sa abubuwa da yawa sun dawo kunnen jama'a, ya kuma sa wasu sun ci gumin matattu. Sannan zaɓin kansa son rai ne: abin da ya burge mutum ɗaya a Landan shi ake ceto, wanda bai burge shi ba ya ci gaba da shan laima.

Irin wannan hannu ya taɓa miƙowa wajenmu. A 2013, shekarar da aka buɗe gwangwanayen Jos, wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds na Christopher Kirkley, ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho. A shekarar kuma ya sake buga kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauka a 1978 a gidan rediyon ƙasa da wani ɗan organ na lantarki ƙirar Italiya. Shekara da shekaru mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram suna jin wannan kiɗa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kamar dai yadda mutanen Landan ke jin na KPM. Kaset ɗin asali kaɗan aka buga. Kirkley ya ci karo da ɗaya ne a cikin tarin kaset a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, ya nemi mai shi, ya same shi da ransa, organ ɗin ma yana nan.